Fitilar man gyaɗa: me ya sa take mutuwa, kuma yaya ake haɗa wadda za ta ci har dare ya raba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Gusau, ina da yara huɗu. Wutar lantarki takan yi kwana biyu ko uku ba a kawo ba, tocila ta mutu, waya babu caji, kananzir kuma ya yi tsada, wani lokaci ma ba a samunsa a unguwarmu. Na ji ana cewa mutanen da da man gyaɗa suke kunna fitila, sai na ɗauko tsohuwar fitilar ƙwai ta surukata na zuba mata man gyaɗa. Ta kama kamar minti biyu, lagwanin ya ƙone ƙurmus, ta mutu. Na sake gwadawa har sau uku, haka dai. Wata maƙwabciyata ta ce man ne ya yi kauri, in ɗan ɗiga fetur a ciki ya tsinke. Ban yi ba tukuna, don gabana ya faɗi. Don Allah Malam, da gaske ana yin fitila da man girki? Idan ana yi, yaya zan haɗa ta da abin da ke cikin gida yadda ba za ta cutar da yara ba?"

Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, na gode wa Allah da ya sa gabanki ya faɗi. Kada ki zuba fetur ɗin nan, ko ɗigo ɗaya, kuma don Allah ki koma ki gaya wa maƙwabciyarki ita ma kada ta yi. Na san da kyakkyawar niyya ta ba ki shawarar, kuma rabin maganarta daidai ne, domin lallai kaurin man ne ya kashe fitilar. Maganin da ta kawo shi ne matsalar, zan kuma bayyana dalili nan gaba.

Tambayarki uku ce a dunƙule: ko man girki yana kunna fitila, me ya sa taki ta ƙi ci, da yadda za ki haɗa wadda za ta ci ba tare da ta zama haɗari ga yara ba. Amsar ta farko ita ce ƙwarai kuwa. Na yi shekara sama da 20 ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma kusan kowace shekara nakan sa ɗalibai su haɗa irin wannan fitila da hannunsu idan mun zo darasin yadda wuta ke ci. Kafin nan ma, na taso na tarar da kakata ta wajen uwa tana kunna ɗan kasko da man kaɗe a ɗakinta, ko da yake akwai aci-balbal a gidan, don ta ce hayaƙin kananzir yana sa mata tari. Ita kalmar fitila kanta daga Larabci muka aro ta, inda asalin ma'anarta lagwani. Mai da lagwani da kasko, su ne fitilar duniya tsawon dubban shekaru. Kananzir baƙo ne, sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka fara kunna fitila da shi a Turai da Amurka, mu kuwa bai wadata a kasuwanninmu ba sai zamanin Turawa. A Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu, mutane da yawa sun tuna da wannan tsohuwar dabara, kuma tambayar da aka fi yi mini a lokacin irin taki ce sak: na zuba, ta kama, ta mutu.

Abin da ya kashe fitilarki

A fitila mai lafiya, lagwani ɗan aike ne kawai. Aikinsa ya jawo mai daga ƙasa zuwa sama, zafin wutar ya mayar da man tururi, tururin nan shi ke ci ya ba da haske. Kin taɓa lura idan gefen zanenki ya taɓa ruwa a baho, ruwan yakan bi zanen ya hau sama da kansa? Haka mai ke bin ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zaren auduga. Matuƙar mai na isowa bakin lagwani daidai da yadda wuta ke cinye shi, lagwanin yakan jima bai ƙone ba. Da zarar mai ya gaza isowa, wuta ba ta da abin ci sai audugar kanta, sai ta cinye ta ta mutu. Minti biyun da kika gani, ɗan man da ya jiƙa kan lagwanin ne ya ci, sannan lagwanin ya bi baya.

To me ya hana man isowa? Kananzir tsinkakke ne kusan kamar ruwa, yana bin lagwani da gudu, shi ya sa aka ƙera fitilar ƙwai da tankinta can ƙasa, wuta kuma can sama, da tazarar da ta kai faɗin tafin hannu a tsakaninsu. Man gyaɗa ya fi kananzir kauri ninki kusan 20, don haka tafiyarsa cikin lagwani ta hawainiya ce. Idan hanyar ta yi nisa, ba zai taɓa cimma wutar ba. Saboda haka duk sirrin fitilar man girki abu ɗaya ne: a kawo wutar kusa da man. Tazara tsakanin saman mai da harshen wuta kada ta wuce santimita 1 zuwa 2, wato kamar faɗin ɗan yatsa. Wannan ne ya sa fitilun mutanen da duk suke da faɗi marasa zurfi. Kaskon kakata bai fi zurfin murfin kofi ba. Su ba su karanta wannan a aji ba, gwaji ne ya koya musu, kuma daidai suka yi.

Maganar fetur

Kowane mai yana da zafin da idan ya kai zai fara fitar da tururin da ƙyastin ashana zai iya tayarwa. Na man girki yana can wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa za ki jefa ashana mai ci cikin kwanon man gyaɗa mai sanyi ta mutu kamar an tsoma ta a ruwa, kuma shi ya sa idan fitilar man girki ta kife, yawanci wutar mutuwa take yi, ko ta tsaya a kan lagwanin. Na kananzir mai kyau yana farawa daga digiri 38. Ki duba wannan adadi, ki tuna zafin Gusau ko Sakkwato a watan Afrilu, inda rana ke wuce digiri 40, sai ki ga cewa a bazara kananzir ma ba abin sakaci ba ne. Fetur kuwa yana fitar da tururi mai kamawa tun a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ma'ana, babu wani yanayi a ƙasarmu, ko tsakiyar hunturu, da fetur ba ya cikin shirin kamawa.

Idan aka gauraya shi da wani mai, ba ya zama lafiya a ciki. Yakan riƙa fita a matsayin tururi ya taru a sararin da ke saman tankin, ya gauraya da iska, kuma kashi 2 cikin 100 na tururin fetur a iska ya isa ya kama. Sai a kawo ashana, ko tankin ya ɗauki zafi, wutar ta bi ta ciki, fitilar ta fashe ta watsa mai mai ci a jikin wanda ke kusa, wanda galibi uwa ce ko yarinyar da aka aika ta kunna. Duk labaran fashewar fitila da risho da muke ji a Najeriya lokaci zuwa lokaci, waɗanda ake cewa gurɓataccen kananzir ne, yawancinsu wannan ne: kananzir da fetur ya shiga cikinsa, ko da gangan ko ta hanyar jarka da tankar da ba a wanke ba. Abin da maƙwabciyarki ta faɗa miki, haɗa wannan gurɓataccen man ne da hannunki a cikin ɗakinki.

Yadda nake haɗa tawa

Abu huɗu ake nema: mazubi, lagwani, abin riƙe lagwanin, da mai. Zan ɗan daɗe a kan lagwani don a nan aka fi yin kuskure.

Dole ya zama auduga zalla. Yawancin tsummokaran gidajenmu yanzu akwai roba a cikinsu, kuma zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya toshe hanya, ga wari mai cutarwa. Gwajin mai sauƙi ne. Ki yanko ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a tsakar gida. Auduga takan ci da ƙanshi irin na takarda ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba kuwa yakan kanannaɗe ya ɗiga, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Abubuwan da na gwada suka yi mini kyau su ne gefen tsohuwar atamfa ta ainihi wadda ta sha wanki, tsohuwar singileti ta auduga, bandejin asibiti mai raga-raga, zaren mofa na auduga, da abawa idan akwai masaƙa kusa da ku. Audugar asibiti ma tana yi idan aka murza ta a cinya kamar yadda tsofaffi ke murza zare. Ki yanki tsumman da faɗin ɗan yatsa, tsawon kamar santimita 10, ki murɗa shi sako-sako har kaurinsa ya yi kamar na igiyar takalmi. Na ce sako-sako da gangan. Ɗalibaina sukan murɗe shi tamau suna ganin sun yi gwaninta, sai man ya rasa ta inda zai bi. Idan kina da lokaci da rana, ki jiƙa lagwanin a ruwan gishiri, ki shanya ya bushe ƙayau kafin ki yi amfani da shi, hakan yana rage saurin ƙonewarsa. Idan babu lokaci, ki bar wannan, ba dole ba ne.

Mazubi kuma, ki nemi mai faɗin baki, gajere, mai nauyin gindi, wanda wuta ba ta ci. Gwangwanin kifi na sadin ya fi kowanne sauƙi, sai ƙaramin gwangwanin tumatir, ko ɗan kasko, ko kofin shayi na tangaran da hannunsa ya karye. Ki daddanne bakin gwangwanin da dutse ko bayan cokali don kada ya yanki wani. Kwalba mai faɗin baki, irin ta mayonis ko ta jam, tana da fa'ida biyu, tana tare iska kuma haske na fita ta kowane gefe, amma tana da sharaɗi. Dole wutar ta tsaya a tsakiya, nesa da jikin gilashin. Na taɓa yin sakaci da wannan a gidana: lagwani ya karkata ya jingina da jikin kwalba, bayan kamar rabin awa sai na ji ƙas, kwalbar ta tsage biyu, mai ya malale. Allah ya sa a kan tire na ɗora ta kuma man gyaɗa ne, wutar ta mutu nan take. Tun ranar ban sake ajiye fitila a kan tebur tsirara ba. Kwalba mai zurfi da ƙaramin baki kuma ba ta yi, don iska ba ta shiga sosai, sai wutar ta riƙa yin ja tana hayaƙi har ta shaƙe. Roba kowace iri, kada ki kusanto da ita.

Abin riƙe lagwani shi ne abin da zai sa ki huta. Ki samu wayar jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki, a feɗe robar, tsawon kamar taƙi ɗaya da rabi. Ki naɗa ƙarshenta ɗaya a jikin ƙusa sau huɗu ko biyar, ki zare ƙusar, kin samu ɗan bututu da lagwani zai bi. Sauran wayar ki lanƙwasa ta ta yi zobe mai faɗi a ƙasa yadda abin zai tsaya da ƙafarsa, tsayinsa duka bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Idan a kwalba za ki saka, ki bar jelar wayar da tsawo ki maƙala ta a bakin kwalbar, don ki riƙa ɗago lagwanin ki kunna ki mayar ba tare da kin cusa hannu ba. Wanda ba shi da waya, noti na ƙarfe irin na masu gyaran babur yana yi: a zura lagwani ta cikin noti biyu ko uku da aka ɗora kan juna, a ajiye a tsakiyar gwangwani, jelar lagwanin na kwance cikin mai. Ana iya kwantar da lagwani kawai a jingina kansa da bakin gwangwani, irin yadda ake yi da kasko, sai dai mai yakan bi ta nan ya riƙa ɗiga waje, shi ya sa na fi son na tsakiya.

Sai ki zuba mai har ya kusa kai bakin abin riƙon, ki bar kan lagwani ya leƙo da rabin santimita kawai, kamar tsawon ƙwayar wake. Ki ɗiga masa mai a ka, ki jira minti 10 ya sha sosai. Wajen kunnawa sai kin yi haƙuri, don man girki ba ya kamawa farat ɗaya kamar kananzir, sai kin riƙe ashanar a jikinsa na ɗan lokaci. Ni nakan kunna tsinken tsintsiya in yi amfani da shi, ya fi ashana tsawo.

Akwai kuma hanyar ruwa, wadda take da amfani idan kwalbar da kike da ita ta ɗan yi zurfi kuma man kaɗan ne. A zuba ruwa ya kai rabi ko fiye, a zuba mai a kansa kaurin ɗan yatsa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka a sama zai zauna. Sai a yi ɗan kwale-kwale da takardar alminiyom ta naɗe abinci, a huda tsakiya a zura gajeren lagwani wanda aka riga aka jiƙa da mai, a ɗora ya yi ta yawo a kai. Daɗinta shi ne duk yadda mai ya ragu, wutar na binsa ƙasa, tazarar ba ta canzawa, kuma idan man ya ƙare ruwa ne zai kashe ta. Aibinta, idan jelar lagwanin ta yi tsawo ta shiga ruwan, za ta riƙa tartsatsi tana mutuwa.

Wane mai, kuma nawa zai ci

Man gyaɗa da farin man girki na gora su ne suka fi ci da tsabta. Man da kika soya ƙosai ko dankali da shi, wanda ya yi duhun da ba kya son sake girki da shi, shi ne ma ya fi dacewa da wannan aiki, sai dai ki tace shi da tsumma, don guntattakin da ke ciki suna toshe lagwani. Zai ɗan yi ƙanshin suya, ba komai. Manja yana ci, amma ya fi hayaƙi da wari, kuma idan akwai sauran ruwa a cikinsa yakan yi tartsatsi. Man kaɗe ina da ƙauna ta musamman gare shi. Da yake daskararre ne, kamar kyandir yake aiki: ki narkar da shi, ki zuba a gwangwani, ki tsayar da lagwani a tsakiya ya daskare a haka, wutar za ta riƙa narkar da abin da take buƙata. Ko an ture shi ba ya malala sosai, musamman da hunturu, wannan kuwa babban abu ne a gidan da ke da yara huɗu. Baƙin man inji kada ki yi amfani da shi ko kyauta aka ba ki, hayaƙinsa na ɗauke da guba. Dizal ma hayaƙi ne zalla. Kuma kananzir ba a zuba shi a buɗaɗɗen mazubi irin waɗannan da na bayyana, domin duk saman man ne zai kama, ba lagwani kaɗai ba.

A gwajin da nake yi da ɗalibai, cokali ɗaya na cin abinci, wato mililita 15, yakan kai awa 2 zuwa 3 da siririn lagwani. Ke nan daga magariba zuwa ƙarfe 10 na dare cokali biyu ya ishe ki, lita ɗaya kuma za ta haura awa 130. Idan kin ga tana shan fiye da haka sosai, lagwanin ya yi kauri ko ya yi tsawo.

Hayaƙi kuwa alama ce, ki riƙa karanta ta. Harshen wuta mai lafiya gajere ne, ruwan ɗorawa, a tsaye cak kamar ganyen darbejiya, babu baƙin zare a samansa. Idan kin ga baƙin hayaƙi na tashi, mai ya fi iskar da ke isowa yawa, sai ki kashe ki rage tsawon lagwanin. Idan wutar na ƙanƙancewa, ko mai ya yi ƙasa ya bar ta, ko gawayi ya taru a kan lagwanin, sai ki kashe, ki datse baƙin da almakashi, ki jawo sabo kaɗan. Mai son ƙarin haske kada ya ƙara tsawon lagwani, hayaƙi kawai zai ƙara. Gara ya sa siraran lagwani biyu ko uku a gwangwanin sadin, da tazara tsakaninsu, ko ya jingina murfin tukunya mai sheƙi a bayan fitilar ya turo hasken gaba.

Yara, ɓera da gidan sauro

Man girki ya rage haɗarin fashewa, amma harshen wuta yana nan, kuma zai kama labule kamar yadda kowace wuta za ta kama. Ki ɗora fitilar a kan tire ko farantin ƙarfe da kika zuba wa yashi, ki ɗan nutsa gindinta a cikin yashin. Yashin na riƙe ta kada ta kife, yana shanye man da ya zube, kuma yana nan kusa idan ana buƙatar kashe wuta. Wurin ajiyewa ya zama inda hannun yaro ba ya kai, ba kan hanya ba, kuma babu komai a samanta, ko kantar ajiye kaya ko rataye na kaya. Ki bar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da labule, katifar soso, da gidan sauro. Gidan sauro na fi jin tsoro, don zaren roba ne, idan ya kama narkewa yake yi yana ɗiga a jikin wanda ke kwance a ciki. Ɗakin da ake ajiye jarkar man janareta ko tukunyar gas, fitila ba ta shiga. Kada a aiki yaro da ita a hannu zuwa bayi ko kicin, kuma ba a ƙara mata mai tana ci.

Sai abin da mutane ke mantawa. Kananzir ba ya jan hankalin dabba, man gyaɗa kuwa abinci ne. Ɓera zai zo, kyanwa za ta zo. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe fitilu idan za a kwanta barci, saboda ɓera yakan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Fitilar da ake magana a kanta a wancan zamani irin wannan ce da muke haɗawa, mai da lagwani a buɗe, don haka umarnin ya hau kanmu kai tsaye. Kada ki bar ta tana ci ki yi barci, ko don yaro yana tsoron duhu, kuma kada ki bar ta a ɗakin da babu babba. Idan kin kashe, ki kife mata kwano.

Ki bar taga ko ƙofa a ɗan buɗe. Kowace wuta tana cin iskar ɗaki tana fitar da wadda ba ta da kyau, kuma da hunturu ne aka fi toshe ko'ina. A kan kananzir ma, tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji amfani da shi a cikin gida saboda hayaƙinsa da gobara da shan da yara ke yi. Man girki ya fi shi sauƙi idan lagwani gajere ne, amma idan akwai mai asma ko jariri sabon haihuwa a ɗakin, ni dai shawarata a ajiye fitilar a baranda ko bakin ƙofa haskenta ya shigo.

Idan tsautsayi ya faɗa, mai ya kama, ba a watsa masa ruwa, don ruwan zai tarwatsa man mai ci ko'ina. A kife masa murfin tukunya, ko a zuba yashi, ko a rufa masa jiƙaƙƙen bargo da aka matse. Wanda ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai, gishiri, duk waɗannan da ake shafawa ƙara ɓata ciwon suke yi. Ni malamin kimiyya ne, ba likita ba, iyakar abin da zan ce ke nan na taimakon farko. Ƙuna a fuska, hannu, al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, asibiti za a nufa. Tunda kuma kananzir zai ci gaba da shiga gidajenmu, kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don haɗarin shi ne ya sarƙe man ya shiga huhu. A kai shi asibiti nan take.

Iyakar abin da za ta yi miki

Ba na so ki sa mata rai fiye da ƙarfinta. Hasken wannan fitila kamar na kyandir ɗaya ne, kuma sai an tara kyandir sama da 60 kafin su kamo tsohon ƙwan lantarki mai wat 60. Za ta ishe ku cin tuwon dare, alwala, gyara shimfiɗa, da ganin inda ake taka ƙafa saboda kunama. Ba za ta ishi yaro yin aikin makaranta na awa biyu ba, zai matso da fuskarsa da littafinsa kusa da wuta, ga gajiyar ido ga haɗari. Idan Allah ya hore, ƙaramar fitilar sola, irin wadda ake shanyawa a rana, ta fi ta haske nesa ba kusa ba, ba ta shan mai, ba ta ƙona kowa, ita ce nake so ki tara kuɗi ki saya ko adashi za ki shiga. Fitilar mai ta zauna a matsayin ta ranar da hadari ya rufe rana kwana biyu, ko batir ya mutu.

Ki fara gwada ta da rana a tsakar gida, kusa da bokitin yashi, ki bar ta ta ci awa ɗaya kina kallo, ki ga yadda take yi idan mai ya ragu. Ki yanka lagwani biyar ko shida ki ajiye tare da ashana a gwangwani mai murfi, a wurin da za ki lalubo cikin duhu.

Ita kuma fitilar surukarki ba ta lalace ba. Ki juye man gyaɗan da ke cikinta, amma kada ya koma kicin, don ya haɗu da sauran kananzir da tsatsar tankin. Ki cire lagwanin ki yar, domin man gyaɗa ya riga ya toshe shi, idan aka bar shi ma zai yi danƙo. Ki ɗauraye tankin da ɗan kananzir a waje nesa da wuta, ki sa sabon lagwani, ki wanke ƙwan ki goge ya bushe. Ranar da kika samu kananzir daga wurin da kika amince da shi, ki tsoma ɗan tsumma a ciki ki kai shi can gefe a fili ki kusanto masa da ashana a kan dogon kara. Idan ya kama a hankali bayan wutar ta taɓa shi, kananzir ne. Idan ya yi fuu tun wutar ba ta kai gare shi ba, ko kin ji warin fetur, kada ya shiga fitilar.